Rijiyar Ƙarshe ta Baba na Ƙasa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, rana na tsakiyar ka, Allah ya karɓi ran mijin yayata, mahaƙin rijiyar da yara da manya suka sani da Baba na Ƙasa. Ba a kan gado ya rasu ba. A ƙasan wata tsohuwar rijiya ya cika, bayan wurin da ake buga bulo, kuma ni ne nake riƙe da igiyarsa. Labarin ya riga ya zaga gari, kowane baki da irin gishirin da ya ƙara masa. Shi ya sa na ga ya dace wanda ya tsaya a bakin rijiyar ya faɗi iyakar abin da ya sani, ya kuma yi wa maigidansa ban kwana.

Maigida, haka na saba kiranka, ko da yake a gaban Yaya nakan ce maka ɓarawon 'yar'uwata don in ji abin da za ka mayar mini. Kai kuma ka laƙaba mini Na Sama tun ranar da na fara bin ka, bayan gidan burodin da nake yi wa aiki ya rufe. Ka sa na leƙa wata rijiya, ka ga na ja da baya da sauri don tsoro, sai ka fashe da dariya ka ce, "Shi ke nan, an raba mana gado tun muna da rai. Kai ɗauki sama, ni in ɗauki ƙasa." Sama da shekara ashirin muka yi a haka. Kai ka sauka da diga mai gajeriyar ƙota da shebur da bokiti, ni in tsaya a waje, igiya ta bi ta kan ƙarfen nan mai ƙafa uku ta zo hannuna. Hannun mai riƙe igiya yana da ido. Ba sai na leƙa ba, na san lokacin da ka taka ƙasa, na san bokitin yashi daga na laka, na san ranar da ka ci ka ƙoshi da ranar da ka fito gida da ruwan shayi kawai.

Alherinka ba ya ƙirguwa, kuma mafi yawansa a cikin rami ka yi shi, inda ba mai gani. Akwai wata tsohuwa mai wankau da 'ya'yanta suka watse suka bar ta, kullum tana jan ruwa daga nesa da ciwon baya. Ka haƙa mata rijiya a tsakar gidanta a ranakun da ba mu da aiki, da ta tambayi abin da za ta ba ka, ka ce ta riƙa wanke maka rigar zuwa coci, alhali kowa ya san Yaya ba ta barin wani ya taɓa rigar nan. Akwai ranar da aka kira mu da gudu wai yaro ya faɗa rijiya, ka sauka ba ko takalmi, sai ga ka ka fito rungume da ɗan akuya yana ta ihu. Mai akuyar ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ka ce masa, "Ai ba ka yi ƙarya ba, shi ma ɗan wani ne."

Amma ba kullum ake fitowa da dariya ba. Duk inda mutum ya faɗa ruwa ya kwana a ciki, kai ake nema, domin ba wanda yake yarda ya shiga. Kana da wata ɗabi'a da sai ni na sani. Ba ka taɓa turo gawa sama da laka a fuska ba. Sai ka tsaya a cikin duhun nan da sanyin nan, ruwa har ƙirji, ka wanke mata fuska da hannunka, ka rufe mata ido, ka lulluɓe ta da rigarka. Kakan ce uwa za ta tuna fuskar nan har ta mutu, gara ta tuna ta da tsabta.

Ban daɗe da fara aiki da kai ba na lura kana magana a ƙasa. Da farko na ɗauka waƙa ce, ko addu'a. Sai na gane hira ce. Ka yi magana, ka yi shiru kamar mai sauraro, ka amsa, wani lokaci har ka ɗan yi dariya. Rijiya tana mayar da murya, na sani, amma tana mayar da abin da aka faɗa mata ne, ba ta barin gurbin amsa. Wata rana da hantsi, a wata rijiya mai zurfi da muke yashewa, na ji ka ce a fili, "To, yi gaba, ina biye." Na leƙa, ban ga kowa ba sai tsakiyar kanka da ɗan hasken da ke rawa a kan ruwa.

Da ka fito muka zauna a kan zoben siminti muna cin abinci, na tambaye ka da wa kake magana. Sai ka ba ni labarin da ban ƙara jin ka ba wani ba.

Ka ce kana saurayi, tun kafin ka san Yaya, ba ka zuwa kowane wurin ibada. Kuna haƙa a ƙasa mai yashi, da safe bangon rijiyar ya rufto maka har wuya. Abokan aikinka suka ruga neman taimako. Hannuwanka a binne, ba ka iya ko share ido, yashi kuma yana ci gaba da zubowa kaɗan-kaɗan daga sama. Ka ga 'yar da'irar hasken nan tana ƙanƙancewa, ka san an gama. Sai ka ji an sa tafin hannu a saman fuskarka, kamar yadda uwa ke kare jariri daga rana. Yashin ya riƙa zuba hagu da dama, ko ƙwaya ba ta shiga hancinka ba. Sannan wata murya daf da kunnenka ta kira ka da sunan da mahaifiyarka ke kiranka, ita da ta rasu kana ƙarami, sunan da ba mai rai ɗaya da ya san shi. Ka ce, "Wane ne?" Aka ce maka, "Da bakinka za ka faɗa."

Da la'asar aka tono ka. Waɗanda suka tono ka sun rantse ba kowa a ramin sai kai.

Ka ce ka daɗe kana yawo da tambayar nan. Wasu suka ce maka aljanin rijiya ne, ka yanka masa zakara. Wasu suka ce kakanka ne ya dawo. Wani ma'aikacin asibiti ya ce ƙarancin iska ne ke sa ƙwaƙwalwa mafarki ido biyu. Kowa da amsarsa, kai kuma ba wadda ta zauna maka. Har ran da aka kira ka gyaran rijiyar da ke harabar wani coci. Kana ƙasa, taga a buɗe, wani dattijo yana karanta wa mutane wurin da Yesu ya tambayi almajiransa abin da jama'a ke faɗa a kansa. Suka jero masa, wasu sun ce wane, wasu sun ce wane. Sai Yesu ya juyo da tambayar kansu, su fa, wa suke cewa shi ne. Ka ce mini, "Na Sama, tsohon nan tari yake yi, haƙoransa ma ba su cika ba, amma na gane muryar." Ka hau igiya ka fito, laka tun daga ka har ƙafa, ka tsaya a bakin taga. A nan ka faɗa da bakinka cewa Yesu ne.

Ba ka taɓa tsayawa gaban jama'a ka yi wa'azi ba. A kujerar baya kake zama, kusa da ƙofa, kana bin waƙa da murya mai kama da ta tsohon inji. Amma duk wanda ya zauna da kai a bakin aiki ya ji abin da ka gaskata. Kakan ce mutanen wancan zamani sarki suke jira, mai takobi, wanda zai hau sama ya tattake maƙiyansu, sai aka aiko musu da Almasihun da ya sauko ƙasa. Bai tsaya a bakin rami ya jefo igiya ya ce mai ƙarfi ya kama ba, domin ya san wanda ke ciki ba shi da hannun kamawa. Shi da kansa ya shiga, ya yi wa mutane hidima, ya ba da ransa fansa, ya kwana cikin matattu, a rana ta uku ya fito. Kana yawan tuna almajirinsa masunci, wanda ya fara shaida cewa shi ne Almasihu, Ɗan Allah mai rai, amma da ya ji maganar shan wuya da mutuwa sai ya ce sam ba za a yi haka ba. "Duk haka muke," in ji ka. "Muna son sunansa, ba ma son hanyarsa." In ka ga wani da gicciye yana sheƙi a ƙirji, sai ka yi murmushi ka ce gicciye ba abin wuya ba ne, abu ne mai wuya, kuma wanda ya ce zai bi shi sai ya bar kansa a baya ya ɗauka.

Ni dai na saurara, na kuma yi ƙoƙarin mantawa da hirar da nake ji daga ƙasa. Sai ranar da wata mata ta faɗa rijiyar wani gida da aka daɗe da ƙaurace wa. Mace ce mai jiki, ruwa kuma ya ƙara mata nauyi. Bangon ya ruɓe, ba a iya turo ta ita kaɗai ba tare da ta goge shi ya zubo ba, don haka ka ɗaure ta a jikinka ku fito tare. Ƙarti huɗu suka tsaya a bayana don su taya ni ja. Ka ba da alama, na ja. Maigida, igiyar nan ba ta fi nauyin bokitin da ba komai a ciki ba. Na ɗauka kwancewa ta yi, na leƙa, sai ga ku kuna tahowa ku biyu, igiya a miƙe. Ni kaɗai na fito da ku. Mutanen da ke bayana suna ta yaba ƙarfina, ni kuwa tafin hannuna ko ja bai yi ba. Ka dube ni, ka ga na sani. A hanyar gida ka ce, "Kada ka faɗa wa kowa. Mutane za su koma bin igiya." Na riƙe maka wannan har yau. Ka yafe mini da na sake shi yanzu.

Ƙurar shekaru ta taru a ƙirjinka. Bara tari ya kama ka, likita ya ce in ka ƙara shiga rami ba ruwansa. Babbar 'yarka, wadda ke aikin jinya, ta tsaya a kanka, Yaya ta kulle digarka da igiyarka a ɗakin ajiya ta ɗaure mabuɗin a bakin zani. Ka koma zama a ƙofar gida kana liƙe wa maƙwabta bokitai, kana tsokanata in na zo wucewa, wai tunda ka yi ritaya sama ma ta zama taka, in nemi wani wurin.

A makonnin ƙarshe ne abin ya sake. Ana cikin hira da kai, da rana tsaka, sai ka juya kai ka ce, "Na'am?" Yaya ta ce ba wanda ya kira ka. Ka ci gaba da abin da kake yi, amma kunnenka yana wani wuri. Wata rana muna cin abinci ka ajiye cokali, ka tashi ka buɗe ƙofa, ka tsaya kana duban titi. Ba kowa sai zafin rana da wani kare a ƙarƙashin mota. Ka daɗe a tsaye, sannan ka ce a hankali, ba da mu ba, "Na ji." Yaya ta dube ni, na dubi kwanona. Ran Lahadin ƙarshe muna dawowa daga sujada ka tambaye ni, in aka tsare ni aka ce wane ne shi, me zan ce. Na ba ka amsar da aka koya mana kafin baftisma, ban rage ko kalma ba. Ka ce, "Amsa ta yi daidai. Saura ta zama taka."

Ran Talata ina gidanku ina gyara wa Yaya ƙyauren kicin, sai ga wata mata ta shigo ba ko sallama, ɗankwali a hannu. Mijinta makaniken injin ruwa ne. Ya sauka tsohuwar rijiyar masu bulo da inji a kunne don ya ga inda yake tsotsa, hayaƙi ya taru a ƙasa, ya faɗi, yanzu ana kira ba ya amsawa. An buga wa 'yan kwana-kwana, sun ce suna wani gefen gari. Ka miƙa wa Yaya hannu. Ta ce, "Baban yara, likita fa." Ka bar hannun a miƙe. Na ga yayata, wadda ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, ta kwance bakin zaninta tana kuka ta ba ka mabuɗin.

A bakin rijiyar mutane sun yi cincirindo, ba mai matsawa kusa. Injin da ke ƙasa ya riga ya tsaya da kansa. Muka zura kyandir a cikin bokiti kamar yadda ka koya mini, bai kai rabi ba ya mutu. Mu biyu mun san ma'anar wannan, ba iskar numfashi a ƙasa. Na ce ba zan riƙe maka igiya ba, ka kashe ni in ka ga dama. Ka ce, "In ba ka riƙe ba wani zai riƙe, kuma bai iya ba. Ka fi so in tafi a hannun baƙo?" Na ce a jira masu kayan numfashi. Ka ce, "Shi wanda ke ciki zai jira su?" Ka jiƙa rigarka ka ɗaure hanci, ka zura ƙafa. Kafin kanka ya ɓace ka ɗago ka dube ni, fuskarka a sake kamar ta wanda aka zo ɗauka zuwa gida.

Na ji ka taka ƙasa. Na ji igiya ta saki, na san ka kwance ta daga jikinka. Na ji ta ɗauki wani nauyi da ba naka ba, ka ja alama, muka ja. Makaniken ya fito kumfa a baki, amma da sauran numfashi, aka ruga da shi. Na mayar da igiya da sauri, ina kiran sunanka. Ta isa ƙasa ta kwanta. Ba wanda ya kama.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kira ba. Muryata ta dushe. Wasu suka fara salati, wasu addu'a, wata mata ta riƙe Yaya wadda ta biyo mu ba takalmi. Inuwar ƙarfen nan mai ƙafa uku ta gusa daga inda take. Duk wanda ya san rijiya ya san ba mai rai da zai kai haka a cikin wannan iska. Na durƙusa, igiya a kwance a tafin hannuna kamar mataccen abu.

Sai aka ja ta. A hankali, ba gaggawa, irin alamar da ke nufin ɗago.

Ba ni kaɗai na gani ba, duk wanda ke kusa ya ga igiyar ta motsa. Muka ja. Ka fito kanka a sunkuye, hannuwanka a sake, jikinka ya riga ya fara sanyi. Igiyar ta zagaye ƙirjinka ta ƙarƙashin hamata, daidai yadda ya kamata. Amma ƙullin a baya yake, tsakanin kafaɗunka, inda hannun mutum ba ya kaiwa. Kuma ba ƙullinka ba ne. Na san ƙullinka kamar yadda na san fuskar mahaifiyata. Wannan ban taɓa ganin irinsa ba, da na taɓa shi kuwa sai ya warware da kansa.

'Yan kwana-kwana sun iso daga baya, suka shiga da kayansu, suka ce ba komai a ƙasa sai inji da takalmin makanike. Babbansu ya ce wataƙila ka ɗaure igiyar ta gaba da sauran ƙarfinka, ta juya a wajen ja. Ban yi masa gardama ba. Fasto kuma, da na same shi, ya saurare ni har na gama, ya ce kada in gina bangaskiyata a kan ƙulli, in gina ta a kan wanda ya mutu ya tashi. Na san da kana nan haka za ka ce. Ni dai abin da hannuna ya ji na faɗa.

Makaniken ya warke. Bayan an sallame shi ya zo gidan makoki, ya tsaya a ƙofa ya kasa shiga. Yaya ta aika aka shigo da shi. Ya durƙusa yana kuka, yana cewa bai taɓa ko gaishe ka ba, me ya sa za ka yi masa haka. Yaya ta ce, "Tashi, ɗana. Shi ma haka aka yi masa. Dukanmu haka aka yi mana." Ya ce yana so ya san wanda ya yi mana hakan. Tun daga ranar yake zuwa da yamma, ya zauna a kan bencinka, ɗanka direba yana karanta masa labarin Yesu.

Masu wurin bulo sun so su cike rijiyar su shafe bakinta da siminti. Yaya ta aika musu cewa mijinta bai taɓa rufe rijiya ba, kada a fara da sunansa. Aka yashe ta, aka yi mata murfi, makaniken ya kafa inji a sama inda ya dace. Yanzu matan unguwar suna layi da bokitai tun da safe. Na daɗe ina kewaye titin. Jiya na bi ta wurin, wata yarinya ta miƙo mini kofi, na karɓa na sha. Ruwan da sanyi, Maigida, kuma ba gishiri.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, wadda ta ba da mabuɗi da hannunta ta kuma san abin da ta bayar. Allah ya zama mata miji da uba, ya cika mata ɗakin da ya yi faɗi. Ina yi wa 'ya'yanka ta'aziyya, babbar da ta yi iyakar ƙoƙarinta ta tsare ka, kada ta zargi kanta, da ɗanka, da autarka da har yanzu ba ta iya kallon bencin nan. Ina yi wa jikokinka, da 'yan'uwa a ikkilisiya, da tsofaffin abokan aikinka, da duk gidan da ke shan ruwan da ka tono. Makanike da matarsa kuma, Allah ya sauke musu nauyin da ke zuciyarsu, ya sa ran da aka ba shi ya yi amfani.

Ya Ubangiji Yesu, kai ka san bawanka da sunan da mu ba mu sani ba. Ka ji ƙansa, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutu a wurin da ba ƙura ba tari. Mu da muka rage, ka ba mu kunnen ji in ka kira, da ƙafar tashi in mun ji.

Ka huta, mijin yayata. Ka gaji.